Yadda Na Magance Lanƙwashewar Ƙafar Keken Hawan Dutse

Ƙafar bayan kekena ta riƙa lanƙwashewa duk lokacin da na bi hanya mai duwatsu, wayoyinta kuma suna saki. Da na cire taya na duba, sai na ga rim ɗin, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, mai bango ɗaya ne (ƙarfensa ba ninki biyu ba ne), bakinsa har ya lotsa.

Na musanya shi da na alminiyam samfurin 6061 mai bango biyu, mai wayoyi 32 da faɗin ciki milimita 30, domin irin wannan faɗin yana riƙe taya mai kauri sosai. A ganina, ɗaurin wayoyin ya fi komai muhimmanci, shi ya sa na sa mai gyara ya daidaita ƙarfinsu ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan ƙafar ba ta sake karkacewa ba.