Inda sabon likitan gashi ya fi yin tuntuɓe wajen gano ciwo

Wanda ya gama karatun fisiyo, wato likitancin gashi, ya shiga shekarar horon asibiti yakan zo da gwaje-gwaje cike da kansa, ya haddace tsokoki da jijiyoyi. Inda yake tangarɗa shi ne 'yan mintunan nan tsakanin shigowar mara lafiya da lokacin da zai ce ga abin da za a yi masa. Yawancin kurakuran tushensu ɗaya: saurin yanke hukunci, sannan a ƙi komawa a gwada hukuncin.

Abin yakan fara ne daga takardar da aka turo mara lafiya da ita. An rubuta "ciwon gwiwa, a yi gashi", sai sabon likita ya nufi gwiwa kai tsaye. Takardar nan ta faɗi wurin da ke ciwo ne, ba ta faɗi abin da ya kawo shi ba. Gyaran shi ne kafin ka taɓa jikinsa, bayan ka gama jin bayaninsa, ka rubuta zato uku: wanda ya fi yiwuwa, wanda ke bi masa, da wanda ya fi haɗari ko da da wuya ya zama shi ne. A gaban kowanne ka rubuta abin da in ka gani zai rushe shi.

Ga yaro ɗan shekara 13 yana ɗingishi, yana nuna gwiwa. Ka duba gwiwar, babu kumburi, babu wurin da ke zafi in an danna, tana lanƙwasuwa yadda ya kamata. Kada ka kunna fitilar gashi. Ka kwantar da shi rigingine, ka ɗaga cinyar a hankali, ka juya ta ciki. In ta ƙi juyawa, ko ka ga tana karkata waje da kanta yayin da kake lanƙwasa ta, ciwon a kwatangwalo yake, domin jijiyoyin da ke kai saƙo daga kwatangwalo suna kai shi daga gwiwa ma. A wannan shekarun kan ƙashin cinya yana iya zamewa daga mahaɗar girmansa. In kuma yaron mai sikila ne, kan ƙashin yana iya mutuwa saboda yankewar jini. Ka hana shi taka ƙafar, ka tura shi hoto da ganin likitan ƙashi a ranar.

Tambayoyin da ake tsallakewa saboda kunya

Dattijo ya zo da ciwon kwankwaso, sabon likita, saurayi ɗan shekara 24, yana jin nauyin tambayarsa maganar fitsari da bayan gida. To amma nan ne ake kama matsewar jijiyoyin ƙarshen laka, wadda jinkirin kwana ɗaya ko biyu kan bar mutum da nakasa har ƙarshen rayuwarsa. A sallami 'yan rakiya, a ja labule, a yi maganar a sarari: "Baba, a gafarce ni, aikin ne ya zo da haka. Fitsari yana fita yadda ya saba? Kuna jin lokacin da zai zo? In kuna tsarki, kuna jin taɓawar ruwa a wurin?" Ga Hajiya, in da hali a kira abokiyar aiki mace ta yi tambayar. Riƙewar fitsari ko zubarsa ba da sani ba, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, da ciwo ko rauni a ƙafafu biyu, wannan na sashen gaggawa ne nan take.

Tarin fuka na ƙashin baya ma yana shigowa da sunan ciwon baya. Alamunsa ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, da gaɓa ɗaya tak da ke zafi in an ƙwanƙwasa, wani lokaci har ta fara turowa waje. Haka wanda ya taɓa yin ciwon daji, musamman na mama ko na furostet (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), shi ma ciwon bayansa abin zargi ne. Irin wannan bayan ba a murɗa shi, ba a danne shi.

Sai sha-raɓar da ta kumbura a ƙafa ɗaya ga wanda aka yi wa tiyata, ko ya daɗe a kwance, ko mai jego. Hannu yakan yi ƙaiƙayin tausa. Ka ɗauko tef ka auna kewayen ƙafafun biyu, santimita 10 ƙasa da tudun ƙashin da ke ƙarƙashin gwiwa. Bambancin da ya haura santimita 3, da ɗumi, da zafi in an danna, zaton gudan jini ne a jijiyar jini, kuma tausa na iya tunkuɗa shi zuwa huhu. Yaron da bai kai shekara 15 ba kuwa, in ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ko uwar ta rantse allurar ɗuwawu ce, sai an sanar da jami'in sa ido kan cututtuka a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 don binciken shan inna. Sanarwar da aka yi a 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ba ta ɗage wannan dokar ba.

Hoto da gwaji guda

Mara lafiya ya miƙo ambulan ɗin hoton MRI, rahoto ya ce faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya ya turo, shi ke nan sabon likita ya sami mai laifi. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan ya gano turowar faifai a kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 84 na 'yan shekara 80. Don haka ka ajiye ambulan ɗin a gefe, ka duba mutumin tukuna. In hoto ya ce hagu, shi kuma dama ke damunsa, hoton bai bayyana ciwonsa ba. Kada kuma ka ce masa "ƙashinka ya goɗe" ko "bayanka ya lalace", zai koma gida ya daina sunkuyawa, jikin ya ƙara sandarewa.

Gwaji ɗaya ma ba ya yanke hukunci. Ɗaga ƙafa a miƙe yakan jawo ciwo ga mutane da yawa, har da mai ɗaurarriyar tsokar bayan cinya kawai. Yana da ma'ana ne in ya tayar da ainihin ciwon da ya kawo mutum, ya sauka ƙasa da gwiwa, tsakanin digiri 30 zuwa 70, ya ƙaru in ka tanƙwaro tafin ƙafar sama. Sannan ka haɗa shi da ƙarfin tsoka a ma'aunin 0 zuwa 5, da jin taɓawa a fata, da zaburar jijiya in an buga guduma. Abu uku da suka nuna gaɓa ɗaya sun fi gwaji goma da kowanne ya kama gabansa.

"Da sauƙi"

Ka tambayi Bahaushe "yaya jiki?", ko yana nishi zai ce da sauƙi. Ladabi ne da tawakkali, ba ma'auni ba ne, amma sai ka ga an rubuta shi a fayil zama bayan zama har wata biyu. Tun ranar farko ka zaɓi abu biyu da za a iya ƙirgawa. Ɗaya daga jiki, kamar digirin ɗaga kafaɗa, ko daƙiƙun da yake ɗauka ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, inda daƙiƙa 12 ko fiye ke nuna haɗarin faɗuwa ga tsoho. Na biyun daga rayuwarsa: raka'a nawa yake yi a tsaye, yana iya zaman tahiya, yana iya tsuguno a bayan gida, minti nawa yake jurewa a kan babur, Inna tana iya kai hannu ta ɗaura ɗankwali. Tsarin ICF na bayyana aikin jiki da nakasa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001, wannan yake nufi da haɗa gaɓa da aiki da zaman mutum cikin jama'a, kuma amsar irin waɗannan tambayoyin ba ta ɓuya a bayan kara.

Ka auna kafin ka yi komai, ka yi abu ɗaya, ka sake aunawa a zaman nan. Wanda ya haɗa fitila, da na'urar lantarki, da tausa, da motsa jiki kala shida a rana ɗaya, ko mutum ya samu sauƙi ba zai san wanne ya yi aiki ba, in ya tsananta ma haka. Gaskiya ne mutane na zuwa da tsammanin a ɗora musu na'ura, sunan aikin ma gashi, amma wannan bayani yake buƙata, ba biye wa.

In an yi zama uku ko huɗu awon bai motsa ba, ka koma kan takardar zato ukun nan. Kafaɗar da aka yi ta yi wa motsa jikin tsoka ba ta saki ba, ka kama hannun ka juya shi waje da kanka. In ya tsaya cak, ƙila kafaɗar ce ta daskare, sai ka tambayi ciwon suga, don su biyun sukan tafi tare. Ka kai wa babbanka a sashe maganar cikin jimla huɗu: ga wanda ya zo, ga abin da nake zato, ga hujjata, ga abin da bai dace da zaton ba. Jimla ta huɗun ita ce sababbi suka fi haɗiyewa don gudun a ce ba su iya ba, alhali a kanta ne babban zai tashi ya bi ka ɗakin ku sake duba mara lafiyar tare.