Kurakuran da ake ta maimaitawa a bikin fasaha na unguwa da sunan kare muhalli

Kusan duk shekara sai wata ƙungiyar matasa ta tashi da kyakkyawar niyya: za a yi bikin fasaha a unguwa, a baje zane-zane da sana'o'in hannu, a yi waƙe, a kuma ja hankalin jama'a kan tsafta da dashen itatuwa. Niyyar ba ta da laifi. Amma kurakuran nan dai su ake ta maimaitawa, har na gaji da bin mutum ɗaya-ɗaya ina faɗa.

Babbansu shi ne rabon dashe ranar biki. Yawanci ana sa bikin ne a hutun Disamba, cikin hunturu. Sai a jero dashe cikin baƙaƙen ledoji, kowa ya ɗauki ɗaya, a yi hoto, a ɗora a Facebook. To, wa zai ba shi ruwa daga Disamba har zuwa Yuni, a unguwar da ake sayen jarka wurin 'yan garuwa? Kwamitin unguwarmu ya taɓa zuba mafi yawan kuɗin da aka tara gida-gida a kan wannan rabo. Kafin Afrilu ya fita, wanda zafi bai ƙona ba awaki sun cinye shi. Na ga wani a bayan masallaci ko ledarsa ba a cire ba, ƙasar ciki ta bushe ta tsattsage, kara ɗaya tsaye babu ganye. Da muka koma neman taimako wata shekara, dattawa da wannan suka tare mu, kuma gaskiyarsu ce. Kuɗin jama'a ne, har da na zawarawa masu sayar da ƙosai.

Ni yanzu ba na yarda a raba dashe a wurin biki. Suna kawai ake rubutawa, da ƙofar gidan da za a dasa. Sai ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, a kai wa mutum har gida, a haƙa rami tare da shi, a yage leda, a kewaye da ƙaya ko tsofaffin bulo. Wanda ba shi da abin kewayewa ba a ba shi, ko ɗan wa ne. Darbejiya da zogale na fi so saboda jure fari. Mangwaro sai gidan da ke da rijiya. Kuma kafin a sayi sabo, a duba na tsaye. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture da 'ya'yan gawo a gonakinsu maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani, kuma da haka aka farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Ku kuwa masu shirya biki kun yanke reshen tsamiyar dandali don a ga allon tallarku da kyau. Haba jama'a!

Na biyu ledar fiya wata. Mai jawabi yana kan dandamali yana cewa leda na toshe magudanai, a gabansa an tara buhunan ruwan leda ana rabawa kyauta. Washegari da asuba ku je ku ga filin: fari fat, iska na kwasar ledojin tana zuba su a kwalbati, inda za su jira ruwan Agusta ya mayar da kwata cikin zaurukan mutane. Wasu kuma sai su tattara su cinna wuta, yara na tsaye cikin hayaƙin. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar sayayya tun 2008, jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024, amma filin biki na yini ɗaya ba ya jiran doka. Ku ne hukuma a wurin. Abin da nake yi shi ne in jera randuna a inuwa da murfi da moɗa, da kofunan silba, in ɗauki mutum biyu aikinsu wanke kofi da sabulu kawai. Mai awara da mai dambu kuwa tun kafin a ba su wuri ake sharaɗi da su: faranti, ba leda ba. A kuma gayyato 'yan bola jari na unguwar tun farko, a ba su gefe guda da buhuna. Gorar roba da gwangwani kuɗi ne a wurinsu, ba za su bar ko ɗaya a ƙasa ba.

Kada a rubuta allo da Turanci a unguwar da Hausa ake ji. Kada a buga kwanan wata a jikin allon roba, don baɗi ya zama shara. Yadi da fenti sun isa, kuma ga masu zane a wurin.

Abin da ke ba ni haushi kuma shi ne tura masu saƙa faifai da kwando, da magina tukwane, da marina can bayan fili, a ba masu dogon jawabi gaba. Kwandon kaba da mace za ta saya ta riƙa zuwa cefane da shi ya fi jawabin awa guda aiki. A sa su a bakin ƙofa.

A yi bikin da rana, a tashi kafin magariba, janareta ya huta. A sanar da mai unguwa da liman tun ana saura wata guda. Masu shara kuma a rubuta sunayensu a ware kuɗinsu kafin a buga ganga, domin bayan an watse ba za ku sami kowa a waya ba.