Darasi na Tara: Karantar da Yaro a Gida da Abin da Doka Ta Ce

Wata ɗaliba a ajinmu ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, yanzu da na iya karatu da rubutu, ba sai in zaunar da autana a gida in riƙa koya masa da kaina ba? Ajinsu ya cika maƙil, kuɗin mota kuma ya yi mana yawa."

Tambaya ce mai kyau, kuma karatun gida ba baƙon abu ba ne a Kano. Da yawanmu a zaure muka fara biya allo, wasu a gaban uwa ko kaka. Amma ilimin boko yana da dokarsa.

A shekarar 2004 Najeriya ta kafa dokar ilimin bai-ɗaya. Ta ce wajibi ne iyaye, ko duk wanda yake riƙon yaro, su tabbatar ya je makaranta ya kuma kammala shekara 9: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Wanda ya ƙi, karon farko kotu za ta ja masa kunne. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Idan ya sake, naira 5,000 ko wata biyu, ko duka. Kuɗin ba su kai na cefanen yini ba a yau, amma tsayuwa gaban alƙali ba abin wasa ba ce. Jihar Kano ma ta yi tata dokar ta ilimi kyauta kuma dole a 2020.

Ku lura, dokar zuwa makaranta ta ambata. Ba ta shimfiɗa hanyar da uwa za ta cire ɗanta ta mai da ɗakinta aji ba. A Amurka da Ingila doka ta yarda da hakan, a Jamus kuwa ta hana. Kada ki ga bidiyon wata Baturiya a waya tana karantar da 'ya'yanta a falo ki ɗauka nan ma haka abin yake.

Sai kuma maganar takarda. Jarrabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yi wa yaro rajista. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar kowace makaranta zai sha wuya ranar da aka ce ya kawo shaida. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, amma wannan sai a ƙarshen sakandare.

To yaya za a yi? A karɓo wa yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a sa shi a makarantar da ta fi kusa. Idan rashin lafiya ko nakasa ce ta hana shi fita, maigida ya je wurin hedimasta, ko ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya yi bayani. Kada a yi shiru.

Karatun gida kuma ya zama ƙari, kuma a nan ne ke uwa kike da ƙarfi. Rabin awa ya isa, amma kullum, lokaci guda: bayan la'asar, ko bayan magariba kafin barci ya kwashe shi. Ki shimfiɗa tabarma, ki ajiye waya. Ki duba littafinsa ki ga inda malami ya tsaya, daga nan za ki ɗora, ba daga inda kika ga dama ba. Lissafi ba ya buƙatar sayen komai. Ƙwayar wake, marafan kwalba, canjin da ya kawo daga kanti, duk kayan aiki ne. Idan kun shiga adaidaita sahu, ya karanta miki allunan shaguna. Ki kula da ɓ, ɗ da ƙ, don yara suna yawan mance ƙugiyarsu, su rubuta "kafa" alhali "ƙafa" suke nufi. Ban da duka. Yaron da ya tsorata, ko abin da ya sani ma sai ya ɓace masa.

Aikin gida: ki rubuta sunan ɗanki, shekarunsa, ajinsa da sunan malamin ajinsu. Wadda ba ta san sunan malamin ba, ta je ta tambayo kafin darasi na gaba.