Yadda Nake Ɗaukar Hoton Tsofaffin Kotunan Texas

Jihar Texas ta Amurka tana da gundumomi 254, kowace da ginin kotunta, galibi a tsakiyar gari, shaguna sun kewaye shi ta ko'ina. Daga Dallas nake fita ina bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya tambaye ni inda zai fara, garin Waxahachie nake tura shi. Tafiyar kamar mil 30 ce kudu da Dallas.

Kotun gundumar Ellis da ke can, wadda aka kammala a 1897, aikin mai zanen gine-gine J. Riely Gordon ce. Kafin ka ɗaga kyamara, ka zagaya ginin sau ɗaya da ƙafa. Za ka ga ƙofofin shiga a kusurwoyi suke, don iska ta ratsa ciki a zamanin da babu na'urar sanyaya ɗaki. Saboda haka daga kusurwa ake ɗaukarsa, ƙofa da hasumiyar agogo su shiga hoto ɗaya. Sannan ka matsa kusa, ka jawo hoton fuskokin da aka sassaƙa a jikin jan dutsen. A wurin nan kaɗai nakan ɓata sa'a guda, ban taɓa nadama ba.

Sammako shi ne sirrin. Safiyar Lahadi, da hantsi bai ɗaga ba, babu motoci a gaban ginin, hasken kuma mai taushi ne. Rana ta take kuwa, dutsen ya dushe. Ka ja baya zuwa tsallaken titi, ka riƙe kyamara daidai, in ka karkata ta sama sai ginin ya zama kamar zai faɗi ta baya.

Shiga ciki sai ranar aiki. Kotu ce mai zama, za a iya caje ka a ƙofa. Ka gaisa da jami'in tsaro, ka nemi izini, kada ka ɗauki fuskar wanda ya zo shari'a. Mutum yana cikin damuwarsa.

Da yawa daga cikin waɗannan gine-ginen an gyara su ne ƙarƙashin shirin adana tsofaffin kotuna da jihar ta kafa a 1999, shi ya sa suke ƙyalli. In ka gama da Waxahachie, ka nufi garin Decatur, can ma akwai ginin kotu na 1896 da Gordon ya zana. Watan Afrilu ya fi, kafin zafin Texas ya kankama.