Kurakuran da ke ɓata labarin mutanen Neandertal

Babban kuskuren masu ƙaga labarin zamanin dutse shi ne mayar da Neandertal, wato wani jinsin mutanen dā da ya ɓace, dabba mai tafiya a duƙe, wadda ba ta iya komai sai gurnani. Wannan siffa ta samo asali ne daga ƙasusuwan wani tsoho da aka tono a La Chapelle-aux-Saints ta Faransa a 1908. Masanin da ya yi nazarinsu, Marcellin Boule, ya kwatanta shi a ranƙwafe, daga baya aka gane ciwon gaɓoɓi ne ya ci ƙarfin tsohon. A gaskiya Neandertal a miƙe suke tafiya, gajeru ne kakkaura masu faɗin ƙirji.

A kogon Shanidar na arewacin Iraƙi an samu ƙasusuwan wani mutumin Neandertal da hannunsa na dama ya shanye, ga mummunan rauni a gefen idonsa na hagu, amma ya yi shekaru a raye bayan haka. Da alama ba shi ke farauto wa kansa nama ba, wani ne ke kawo masa. Wannan ya isa ya sa ka ba jarumin labarinka dangi, da majinyacin da yake ɗawainiya da shi, da wanda zai yi kukan rashinsa. Kada kuma ka sa masa gwarancin "ni yunwa, ni ci" a baki. Bar shi ya yi cikakkiyar Hausa, ka dai cire abin da bai sani ba: kuɗi, kasuwa, ƙarfe, agogo.

Sai cakuɗa zamani. Dinoso, wato manyan dabbobin dā masu kama da ƙadangaru, sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganinsu. Neandertal sun ɓace wajen shekara 40,000 baya, noma kuwa bai wuce shekara 12,000 ba. Saboda haka babu gona, babu akuya, babu tukunyar ƙasa. Ka ba su mashi, wuƙar dutse, wuta da fata.

A kula da wuri ma. Turai da yammacin Asiya ne mazauninsu, a can suka haɗu da 'yan Adam irinmu har aka haihu, kamar yadda binciken masanin ƙwayoyin gado Svante Pääbo na 2010 ya nuna. Idan a gida kake son labarinka ya faru, bar Neandertal a can, ka nemi masassaƙan kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, wanda ya kai kusan shekara 8,000.