Babi na 6: Yadda Ake Kasa Aikin Girka Manhajar Sa Ido

Manhajar sa ido tana leƙa na'urorin ofis dare da rana, kuma idan saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, ta mutu ko faifan ajiyarta ya kusa cika, tana aiko da saƙo tun kafin ma'aikata su fara ƙorafi. Za mu yi aiki da Zabbix, wadda aka fara sakinta a 2001 kuma ake samunta kyauta. Girka ta ba aikin yini guda ba ne, don haka za mu kasa shi kashi-kashi.

Darasi na 1: Ƙidayar na'urori

Kada ku taɓa kwamfuta tukuna. Ku ɗauki littafi da biro, ku ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. A gida na farko ku rubuta sunan na'ura, a na biyu adireshin IP nata, wato lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu kamar 192.168.1.10, a na uku ɗakin da take, a na huɗu wanda ke kula da ita, a na biyar abin da zai tsaya idan ta mutu.

Yanzu ku tashi ku zagaya ɗaki-ɗaki. Ku duba bayan tebur da cikin kabad, domin nan ne rauta, wato na'urar da ke raba intanet, da firinta kan ɓuya. Na'urar da ba a rubuta ba, manhaja ba za ta san da ita ba. Idan kun gama, ku sake zagayawa da littafin a hannu, kuna sa alama a gaban kowace wadda kuka gani da idonku. Wanda ya kuskure a zagayen farko kada ya ji kunya, kusan kowa haka ya fara.

Sai dai akwai abin da ba zan lamunta ba. Na ga ɗalibai da dama sun zauna a kujera sun cika littafin daga ka, sannan bayan mako biyu sun dawo suna cewa manhaja ba ta aiki, alhali adireshin da suka rubuta ne ba daidai ba. Ku je gaban na'urar, ku karanta adireshin daga jikinta, ku rubuta, ku sake karantawa. Gida na huɗu kuma kada a bar shi fayau, domin saƙon da ba shi da mai karɓa ba ya gyara komai.

Darasi na 2: Gwaji

Ku zaɓi na'urori uku kacal daga littafin, ku girka musu ƙaramar manhajar da ake kira wakili, mai ba da rahoton halin da na'ura ke ciki. Sabar Zabbix, wato kwamfutar da ke ɗauke da babbar manhajar, tana tuntuɓar wakili ta ƙofa mai lamba 10050, saboda haka ku tabbatar katangar tsaro, mai tace abin da ke shiga na'ura, ba ta rufe ta ba. Ku zare wayar ɗaya da gangan, ku ga ko saƙo zai zo. Idan bai zo ba, ku koma littafinku ku duba adireshin.

Darasi na 3: Saura

Ku riƙa ƙara na'urori biyar-biyar, kowane kashi da ranarsa da mai yinsa. Ita kanta sabar ku haɗa ta da inbata, don kada ta mutu idan an ɗauke wuta.