Yadda Ake Gano da Magance Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa Idan Tsarin Jijiyoyi Ya Saɓa wa Wanda Aka Saba

Idan majinyaci ya zo da ciwon kai mai tsanani wanda ya faɗo masa farat ɗaya, a yi zargin fashewar kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, wato wurin da bangon jijiyar ya yi rauni ya buro kamar balan-balan. A fara da hoton CT na kai ba tare da jinkiri ba, domin a cikin sa'o'i 6 na farko ne ya fi nuna jinin da ya zuba. Idan hoton bai nuna komai ba kuma zargin bai gushe ba, sai a ɗebi ruwan ƙashin baya a duba. Daga nan a ɗauki hoton jijiyoyin da kansu, kuma wanda ake tura siririn bututu ta cinya ko ta wuyan hannu a zuba ruwan da ke haska jijiya shi ne ya fi fayyace komai.

A wannan mataki ne ake bukatar natsuwa. Zoben jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa, wanda Thomas Willis ya bayyana a 1664, ba kowa ne ke da shi cikakke ba. Akwai wanda jijiyar da ke ciyar da bayan ƙwaƙwalwarsa ta fito kai tsaye daga jijiyar karotid, wato babbar jijiyar wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, kamar yadda take tun yana cikin mahaifa. A irin wannan majinyaci, idan kumburin yana daidai mafitar wannan jijiya, reshen da ke fita daga wuyan kumburin, wato inda ya haɗe da jijiyar, shi ne ke kai jini sashen gani, kuma idan aka toshe shi, mutum yana iya farkawa ya rasa rabin abin da idanunsa ke gani. Haka nan idan jijiyar gaba ta ɓangare ɗaya ta tsumbure, ɗaya ce ke ɗauke da nauyin ɓangarorin biyu. A ganina, bai kamata likita ya taɓa wani reshe ba sai ya tabbatar da inda jininsa ke zuwa.

Hanyoyin magani biyu ne manya: a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, kamar yadda Walter Dandy ya fara a 1937, ko a cusa zaren filatinam ta cikin jijiya har jini ya daskare a ciki. Idan reshe mai muhimmanci ya fito daga jikin kumburin, ko jijiyoyin wuya sun yi lanƙwasar da bututu ba zai bi ba, tiyata takan fi dacewa. Idan kumburin ya riga ya fashe, a rufe shi da wuri, a cikin sa'o'i 24 in da hali, sannan a ba da maganin nimodifin na kwana 21 saboda tsukewar jijiyoyi da kan biyo baya.